Abin Da Ke Sa Ɗalibai Dariya Ana Gobe Jarrabawa

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi makarantar kwana ko wata jami'a a makon jarrabawa, lalle ya ga wani abu da ke ɗaure wa manya kai. Ga yara nan idanu sun yi ja don rashin barci, wasu har sun rame, littattafai barbaje a kan gadaje da gindin itatuwa, amma duk da haka ba a yin minti goma ba a ji an tuntsire da dariya daga wani lungu ba. Sau da yawa ma dariyar wannan mako takan fi ta sauran makonnin zango ƙarfi. Iyaye da malamai da dama suna ɗaukar wannan a matsayin sakaci, har akan ji suna cewa yaran yanzu ba su san ciwon kansu ba, gobe za a yi musu hisabi amma yau sun zauna suna shashanci.

Wannan zargi yana bukatar a sake dubansa da idon basira. Binciken da masana halayyar ɗan Adam suka yi ta yi tun wajen shekarar 1980 ya nuna cewa raha tana daga cikin dabarun da ɗalibi ke rage wa tsoro girma da su, har ya koma daidai yadda zai iya ɗauka ya shiga da shi ɗakin jarrabawa. Amma fa raha magani ce mai ƙa'ida. Akwai wadda ke warkarwa, akwai wadda ke ƙara ciwo, kuma sanin bambancinsu wajibi ne ga ɗalibi da malaminsa da kuma ma'aikacin da ke tsara harkar ilmi daga ofis.

KAYAN DA AKA ƊORA WA ƊALIBI

Kafin a yi maganar dariyar, ya kamata a fara auna nauyin kayan. A shekarar 1952 aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, domin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, daga baya Laberiya ta shigo a 1974. Tun daga lokacin takardar shaidar gama sakandare ta zama mabuɗin aikin gwamnati da na ƙaro ilmi. A 1978 aka kafa hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a, a 1999 kuma aka kafa NECO, wadda ta yi jarrabawarta ta farko ta gama sakandare a shekarar 2000. Saboda haka yaron da ke ajin ƙarshe yakan fuskanci manyan jarrabawa biyu ko uku cikin 'yan watanni, kuma sai ya samu kiredit biyar, har da Turanci, kafin jami'a ta dube shi.

A shekarar 2025 ɗalibai kimanin miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma sakamakon farko da hukumar ta fitar ya nuna fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yara akwai gida guda da ya zuba masa ido. Akwai uban da ya sayar da buhun masara ko tunkiya ya biya kuɗin rajista, akwai yarinyar da ta san cewa in ta faɗi maganar karatu ta ƙare ke nan a gidansu. Wanda ya samu ya shiga jami'a ma bai huta ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, alal misali, ya fara ran 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai ran 14 ga Oktoba, wata takwas cur, da aka koma kuma aka matse karatu cikin gajeren lokaci aka ce a zo a yi jarrabawa. Ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa kwana yana haddar dokokin aiki saboda jarrabawar ƙarin girma ya ɗanɗana kaɗan daga wannan zullumi.

ABIN DA TSORO KE YI WA JIKI

A shekarar 1936 wani likita mai suna Hans Selye, wanda ke bincike a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ya bayyana cewa jiki yana da hanya guda da yake amsa kowace irin wahala mai tsanani. Idan mutum ya hango haɗari, wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙoda sukan zuba sinadarai biyu cikin jini, watau adiranalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sama-sama, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, ciki ya ɗuri ruwa. Wannan shiri ne na gudu ko na faɗa, kuma yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji. Abin takaicin shi ne jiki bai san bambanci tsakanin kura da takardar Lissafi ba.

Ba a ce tsoro ba shi da rana ba. Tun a 1908 wasu masana biyu na Amurka, Yerkes da Dodson, suka gwada ɓeraye suka ga cewa matsi kaɗan yana sa a yi saurin koyo, amma idan ya yi yawa, musamman a kan aiki mai wuya, sai koyon ya lalace. Kamar gishiri ne a miya. Ɗalibin da ba ya jin ɗar ko kaɗan ba zai buɗe littafi ba, wanda kuma tsoro ya cika masa ciki zai buɗe ya yi ta kallon shafi ɗaya har gari ya waye.

Dalilin haka shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwa da mutum ke riƙe abu na ɗan lokaci yana juya shi, kamar sa'ad da yake lissafin zuci, ɗan ƙarami ne ƙwarai. Ana iya kwatanta shi da allon almajiri, wanda ba ya ɗaukar rubutu sai daidai faɗinsa. Idan fargaba ta riga ta cika allon da tunanin abin da za a ce a gida in an faɗi, to babu sauran wurin da za a rubuta amsa. Shi ya sa yaro zai fito daga ɗakin jarrabawa, yana taka ƙofa amsar ta faɗo masa. A 2011 wasu masana na Jami'ar Chicago, Sian Beilock da Gerardo Ramirez, suka sa ɗalibai su ɗauki minti 10 kafin jarrabawa su rubuta duk abin da ke damunsu game da ita, sai aka ga makin masu yawan fargaba ya ɗaga. Watau fitar da tsoro fili yana wanke allon. Barkwanci ma wata hanya ce ta fitar da shi fili, wadda ba ta sa yaro jin kunya a gaban abokansa.

YADDA ƊALIBAI KE YI WA DODO SUNA

Abu na farko da ɗalibai kan yi wa abin da suke tsoro shi ne su laƙaba masa suna. A zamanin da jami'o'in ƙasar nan ke yin jarrabawa sau ɗaya tak a ƙarshen shekara, ɗalibai sun yi wa watan Yuni kirari da Turancinsu irin na sarkin da ba a ja da hukuncinsa. Karatun da ake farawa bayan isha'i a kai asuba, ga goro a baki, ga kofi, wani ma ya tsoma ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace shi, sun taƙaita sunansa da haruffa uku, TDB. Mai miƙa wuya yana leƙen takardar maƙwabcinsa sun kira shi da sunan raƙumin dawa. Darasin da aka faɗi aka ɗauko shi zuwa shekara ta gaba, watau kari-oba, akan yi maganarsa kamar wani baƙon da ya zo kwana ɗaya ya shekara.

Bayan an fito daga ɗaki kuma sai a buɗe wata kasuwar. Za a ji wani yana cewa yadda malam ya miƙo masa takardar amsa fara fat cikin mutunci, haka shi ma ya mayar masa da ita cikin mutunci, bai ɓata masa ita da tawada ba. Wani ya ce babi biyar ya haddace, malam ya bi dare ya gano haka ya fito da tambayoyi daga na shida. Wani kuma ya yi ta kwaikwayon yadda gabansa ya faɗi da ya ji na kusa da shi ya ɗaga hannu yana neman ƙarin takarda, alhali shi ko shafin farko bai cika ba. A yi dariya har da riƙe ciki, sannan kowa ya ɗauki littafin darasin gobe.

Idan aka lura da kyau, duk waɗannan maganganu ikirari ne na tsoro. Yaron da ba zai iya buɗe baki ya ce wa abokansa yana jin zai faɗi ba, ya faɗa musu ta hanyar wasa, su kuma da suka yi dariya sun amsa masa cewa su ma haka suke ji. Babban abin da ke karya zuciyar ɗalibi a wannan mako shi ne zaton cewa kowa ya gane karatu sai shi kaɗai. Dariyar taro takan rushe wannan zato cikin ƙiftawar ido.

ABIN GADO NE

Ɗalibin ƙasar Hausa bai koyi wannan dabara a aji ba, a gida ya tarar da ita. Al'ummar Hausawa da maƙwabtansu sun daɗe da ware wa wasa wurinsa a inda ake jin tsoron rikici. Akwai wasan jika da kaka, da na taubasai, da na ƙabilu da garuruwa, kamar Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Haɗejawa, Gobirawa da Yarbawa. Kowane yana da izinin tsokanar ɗan'uwansa, kuma abin kunya ne a yi fushi. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da daraja har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014. Makarantun kwana irin su Kwalejin Barewa ta Zariya, da manyan makarantu irin su Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, sun tara 'ya'yan larduna daban-daban a ɗaki ɗaya, sai wannan wasa ya biyo su har gindin fitilar karatu. Bafulatani ya samu Babarbare yana gyangyaɗi a kan littafi, ai ranar ba mai kwana da baƙin ciki.

Har wa yau akwai 'yan kama, waɗanda sana'arsu ita ce su ɗauki muryar malami mai karatu ko ta wani mawaƙi su juya maganar ta koma ta tuwo da miya. Akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, da kuma tashe na watan azumi, inda yara ke kwaikwayon manya suna nuna musu halayensu. Duk waɗannan hanyoyi ne da na ƙasa ke bi ya taɓa na sama ba tare da an yi ɓatacciya ba. Ɗalibin da ya miƙe a ɗakin kwana ya gyara tabarau irin na malamin Kimiyya ya shiga kwaikwayon laccarsa, jikan 'yan kama ne ko bai sani ba. Sau da yawa ma abokansa sukan tuna darasin a ɗakin jarrabawa saboda wannan kwaikwayo.

Ɗaliban shekarun baya sun sha cika ɗakin taro don kallon Samanja, watau marigayi Usman Baba Pategi, ko marigayi Ƙasimu Yero, na bayansu kuma suka taso da finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. Na yanzu wayar hannu ce ke kawo musu 'yan gajerun hotunan ban dariya ta WhatsApp da Facebook da TikTok. Kayan aikin ne suka sauya, bukatar tana nan yadda take.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Ta fuskar jiki, wani mai bincike na Jami'ar Loma Linda ta Amurka, Lee Berk, ya ba da rahoto a 1989 cewa sinadarin kotisol ya ragu a jinin waɗanda suka kalli wasan ban dariya na awa ɗaya. Sai dai mutum 10 kacal aka yi gwajin da su, saboda haka ba a gina gini mai tsawo a kansa. A 2011 kuma Farfesa Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ta Ingila da abokan aikinsa suka gano cewa mutanen da suka yi dariya sosai tare sun fi jure ciwo bayan haka, suka danganta wannan da sinadarin endofin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki don rage zafi. Shi kuwa Robert Provine na Jami'ar Maryland, wanda ya shekara da shekaru yana bin mutane yana ƙirga dariyarsu, ya nuna cewa mutum ya fi yin dariya kusan ninki 30 idan yana cikin jama'a a kan idan yana shi kaɗai. Wannan abin lura ne ga ɗalibin da ke ƙulle kansa da waya yana murmushi shi ɗaya, domin mafi yawan amfanin dariya a cikin taro yake.

Akwai kuma binciken da ya shafi jarrabawa kai tsaye. A 1993 Nicholas Kuiper da Rod Martin da wata abokiyar aikinsu, a wata jami'a ta lardin Ontario a Kanada, suka bi ɗalibai kafin jarrabawa da bayanta. Waɗanda suka saba fuskantar wahala da raha sun fi ɗaukar jarrabawar a matsayin gasa da za a gwada ƙwazo a cikinta, kuma bayan sakamako ya fito sun fi gyara tsammaninsu na gaba daidai da gaskiyar abin da suka samu. A 2012 Thomas Ford da abokan aikinsa a Amurka suka gaya wa ɗalibai za su yi jarrabawar Lissafi mai wuya, suka ba wasu zanen ban dariya su duba, wasu waƙoƙi, wasu ba a ba su komai ba. Waɗanda suka ga zanen ne suka fi samun natsuwa, kuma suka fi cin maki.

Malamai ma suna da rabonsu a nan. A 1988 Avner Ziv na Jami'ar Tel Aviv ya sa aka koyar da darasi ɗaya ga rukuni biyu na ɗalibai har tsawon zango, malami ɗaya, amma a rukuni guda yana saka barkwanci uku ko huɗu a kowace lacca, kuma kowane barkwanci yana bayyana wani abu ne daga cikin darasin. A jarrabawar ƙarshe wannan rukuni ya fi ɗayan da wajen kashi 10 cikin 100. Sharaɗin dai shi ne rahar ta zama ta darasi, kuma kada ta yi yawa, domin idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

INDA RAHA KE ZAMA CUTA

A shekarar 2003 Rod Martin da ɗalibansa suka kasa raha gida huɗu. Ta farko ita ce wadda ke haɗa kan jama'a, ta biyu wadda mutum ke lallashin kansa da ita a lokacin ƙunci, ta uku wadda ake cizon wani da ita, ta huɗu kuma wadda mutum ke wulaƙanta kansa da ita don a karɓe shi. Biyun farko an same su tare da kwanciyar hankali, ta huɗu kuwa an sha samun ta tare da damuwa da raina kai. Wannan rabe-rabe ya isa ma'auni ga duk mai son ya gane irin dariyar da ke tashi a makarantarsa.

Haɗari na farko shi ne izgili. Muddin abin dariyar jarrabawa ce, ko wahalar da kowa ke sha, to kowa ya samu sauƙi. Amma da zarar an juya kan yaro ɗaya, wanda ya maimaita aji, ko mai in'ina, ko wanda Turancinsa bai nuna ba, an ɗebe kayan jama'a ne an jibga masa. Wasan taubasai yana da daɗi ne domin kowa na iya ramawa. Malamin da ke karanta makin aji daga ƙasa zuwa sama yana kiran na ƙarshe daƙiƙi don a yi dariya, ya sani yaron ba shi da bakin ramawa, kuma akwai yaran da irin wannan rana ce ta raba su da makaranta har abada.

Haɗari na biyu shi ne raha ta zama mayafin kasala. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu dariyar da za ta sa wa mutum abin da bai karanta ba a kai. Amfaninta shi ne ta buɗe hanya abin da aka karanta ya fito. Ɗalibin da ya ce zai ɗan duba waya na minti goma ya farga ya cinye awa biyu, ya ƙara wa tsoronsa abinci ne. Haka kuma suna mai daɗi yakan rage wa laifi muni a idon mai yin sa. Kalmar ekspo, wadda ake kiran tambayoyin da aka sato da ita, ta bazu ƙwarai bayan babbar satar tambayoyin WAEC ta 1977, wadda ta sa Gwamnatin Tarayya ta kafa kotun bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, a 1999 kuma aka yi wata dokar ta musamman a kan laifin. Sunan ya zama abin wasa a bakin yara, amma laifin ya sha jawo a soke sakamakon makaranta guda, har da na waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Haɗari na uku ya fi sauran wuyar ganewa, shi ne murmushin da ya fi kuka ciwo. Akwai ɗalibin da kullum shi ne mai ba aji dariya, kullum kuma kansa yake zagi, yana cewa shi dama ba a halicce shi don karatu ba. Idan irin wannan yaro ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya soma neman ƙwayoyi don ya kwana ido biyu ko don ya manta, ko kuma ya riƙa sako maganar mutuwa cikin wasa, to wannan ba abin dariya ba ne kuma. Wajibi ne abokinsa ya ja shi gefe ya tambaye shi da gaske, ya kuma sanar da malami ko iyaye ko asibitin makaranta. A lokacin sakamakon JAMB na 2025 jaridu sun ba da labarin wata yarinya da ta hallaka kanta bayan ta ga makinta. Duk wanda ke ganin fargabar jarrabawa ƙaramin abu ce, ya tuna da wannan.

DARASI GA HUKUMA

Abubuwan da suka faru a 2025 sun nuna wani amfanin rahar ɗalibai wanda ya shafi ma'aikata. Da sakamakon JAMB ya fito a watan Mayu, kafofin sadarwa na intanet suka cika da koke-koke gauraye da ba'a, yara masu ƙoƙari suna cewa makin da aka ba su ba nasu ba ne. Ran 14 ga watan, magatakardan hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa an samu kuskuren na'ura wanda ya shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Ran 28 ga wannan wata kuma takardar Turanci ta WAEC ta yi latti a wurare da yawa, har yara suka rubuta ta da dare da tocila da kyandir. Hotunan suka zama abin barkwanci a duk faɗin ƙasa, hukumar ta ba da haƙuri, Majalisar Wakilai kuma ta kira shugabanninta su yi bayani.

Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya, mai hankali kuwa ya fi cancanta ya tsinci gaskiyar da ke cikin wasa. Shugaban makaranta ko jami'in Ma'aikatar Ilmi da ke son sanin inda takalmi ke matsa wa ɗalibai, ya saurari abin da suke yi wa ba'a. In suna yawan zolayar wani darasi da cewa ba a taɓa cin sa, a binciki yadda ake koyar da shi. In jadawalin jarrabawa ne abin dariya, a duba ko an jera takardu masu nauyi a rana ɗaya. Wannan rahoto ne kyauta, wanda ba a kafa masa kwamiti ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga ɗalibi, shawarar ba ta da tsawo. Ya yi karatunsa tun da sauran lokaci, ya yanka wa hutu lokacinsa, ya kuma yi hutun tare da abokan da za su tashi in lokacin tashi ya yi. Ya sa wahalar ta zama abin dariyar, kada ya sa ɗan'uwansa. Kada kuma ya sayar da barcin daren jarrabawa, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, kuma wanda ya kwana a zaune yakan shiga ɗaki da rabin hankalinsa.

Ga malami da mai tsaron jarrabawa, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kalma ɗaya ta raha kafin a raba takardu ba ta rage wa jarrabawa kwarjini, tana iya kuma ceto yaron da hannunsa ke rawa. Ga iyaye kuwa, musamman ma'aikatan da suka san darajar takarda har suke matsa wa 'ya'yansu saboda ita, kada jin dariya daga ɗakin yara ana gobe jarrabawa ya sa a ɗauko bulala. A leƙa tukuna a ga ko littafi a buɗe yake. In a buɗe yake, a ja musu ƙofa a bar su. Yaron da ya kamata a tashi tsaye a kansa shi ne wanda ya saba hira da dariya, aka wayi gari ya yi tsit.